Tambaya ta Bakwai

Na kawo takardar gwaji garejin Kawu Sallau,
Kurmin Mashi, bayan la'asar,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta.
Na zauna kan tsohuwar taya, fensir a baki.
Saura kwana tara a jarraba mu,
mu masu neman aikin awon hayaƙin mota.

Tambaya ta bakwai ta ce:
duk motar da ta tsallake awo a bana,
an wanke injinta da sinadari.
An wanke injin motar Malam Jatau.
Me za ka iya faɗa, ban da zato?

Na ce, ai ta tsallake. Na ja layi.

Kawu yana ƙarƙashin wata Fijo,
ƙafafunsa kaɗai nake gani, da silifas wari guda.
Ya ce, sake karanto min,
a hankali, kamar mai ƙirga canji.
Na sake.
Ya ce, Tasalla, duk alhazan bana sun hau jirgi.
Ni ma na hau jirgi a bana, zuwa Ikko, sayen kayan gyara.
To, kira ni Alhaji mana.

Na yi ta gogewa har takarda ta huje.

Fijon ta Malama Kyauta ce, mai koyarwa a Kakuri,
gadon mahaifinta, ta girme ni da shekara goma.
Wani ya sayar mata kwalba a tashar Kawo,
ya rantse har da dafa ƙirji
cewa inji zai koma jariri.
Ta zuba ranar Talata.
Laraba, masu babur na toshe hanci a bayanta.

Kawu ya fito, ya taka totur,
ya tsuguna gaban salansa kamar mai gaida surukai.
Ya ce, hayaƙi harshe uku gare shi.
Baƙi, fetur ya fi ƙarfin iska.
Fari mai kauri, ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba.
Wannan fa?
Na ce, shuɗi.
Ya ce, mai ke ƙonewa.

Na miƙe da murna: ashe kwalbar ce ta kashe injin!
Ya girgiza sifana.
Kin sake riga malam masallaci.
Don zakara ya yi cara, ba shi ya kawo asuba ba.
Wataƙila ringi ya daɗe da cinyewa,
dauɗar shekaru ce ta toshe kafar,
wanki bai haƙa ramin ba, asirinsa ya tona.
Na ce, to haka zan rubuta?
Ya ce, na ce wataƙila.
Ban buɗe ba tukuna. Idona bai gani ba,
hancina ne kawai ya yi shaida,
shaida ɗaya kuwa ba ta yanke hukunci.

Can gefe Ɗan'azumi ya gama wankin kafireto,
ya tuttular da kananzir cikin kwata.
Ruwan ya yi bakan gizo, ya kama hanya,
ba sai an nuna masa Kogin Kaduna ba.
Na'urar da za su damƙa mini, in na ci,
hancinta a salansa yake,
ba ta jin warin kwata.
Na duba takardar daga farko har ƙarshe,
tambaya arba'in, babu wadda ta tambayi kogi.

Ladan ya fara gyaran murya.
Na koma ta bakwai.
Ƙasa can, amsa ta huɗu,
wadda na raina saboda ba ta da ado:
ba za a iya sani ba daga abin da aka faɗa.

Na zagaye ta.
Kawu ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita,
bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba.
Ya miƙo mini,
da shatin babban yatsansa, baƙi ƙirin,
daf da hujin da na yi.